Takarda ta Goma Sha Biyar

Daga:
Mataimakiyar Ma'aikatan Jinya (ta wucin gadi),
Ɗakin Mata na Biyu,
wadda a yanzu take Sashen Wanki.

Litinin, 21 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Maigirma Sakataren Asibiti,
kuma Shugaban Kwamitin Kula da Walwalar Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN TAKARDAR AUNA MUTUNCI DA GIRMAMAWA A WURIN AIKI, DA ABIN DA YA SAME NI A DALILINTA

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙarami ga babba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Tun farko ina neman afuwa a kan abu biyu. Na ɗaya, na san ƙa'ida ita ce takarda irin wannan ta bi ta hannun Sista mai kula da ɗakinmu, amma idan ka karanta za ka ga abin da ya hana. Na biyu, karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Mai buga takardu na bakin ƙofa ne ya nuna mini yadda ake tsara kan takarda da jera lambobi. Maganar da ke ciki kuwa tawa ce, sau uku ina yagewa ina sakewa. Inda na yi kuskure a yafe mini.

Ba lalle ka gane ni ba, ko da yake mukan haɗu a baranda. Ni ce mai shuɗin kaya da ke raɓewa jikin bango da bokiti idan za ka wuce. Shekara uku da wata huɗu ke nan ina aiki a Ɗakin Mata na Biyu. Jinyar mahaifiyata ce ta fara kawo ni ɗakin. Wata biyar muka yi a gado na shida kafin Allah ya karɓi abarsa. Tsohuwar Sista, wadda ta yi ritaya, ta ga yadda nake juya mahaifiyata ina gyara mata shimfiɗa, sai ta sa aka ɗauke ni. Aikina shi ne canza zannuwan gado, kwashe fo da wanke shi, goge ƙasa, juya waɗanda ba sa iya juyawa, ba da abinci a baki ga waɗanda ba su da mai jinya, da zuwa aike. Duk ƙarshen Oktoba ake sabunta takardar aikina, kuma sai Sista ta sa hannu. Da wannan aikin muke rayuwa ni da gwaggona, wadda idonta ya yi rauni, ba mu da kowa. Saura kwana goma wa'adin ya cika.

Ga ƙorafina daki-daki.

1. Yadda takardar ta zo hannuna.

Ranar Litinin 2 ga Satumba, Sista ta aike ni ofishinka in karɓo takardun tambayoyi da Kwamiti ya raba wa kowane ɗaki, domin a auna ko ana mutunta ma'aikata a wurin aiki. Akawun ofis ya ba ni su tare da kwali mai tsaga a sama, ya ce na Ɗaki na Biyu guda goma sha biyar ne, in ƙirga a gabansa. Na ƙirga. Da na kawo, Sista tana waya, ta yi mini nuni da hannu in raba. Na bi na ba kowa, waɗanda ba sa bakin aiki na sa musu a akwatin ajiyarsu. Nas-nas ɗin da nake gani kullum goma sha huɗu ne har da Sista. Da na gama, takarda ɗaya ta rage a hannuna.

Ranka ya daɗe, a nan kuskurena yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na manta shaf da nas ɗin da ta tafi hutun haihuwa tun watan Yuli. Abin da ya zo mini a rai shi ne, goma sha huɗu, da ni, goma sha biyar. Na ɗauka an ƙirga da ni. Na shiga ɗakin wanke fo na tura ƙofa, na goge hannuna sosai a jikin rigata don kada in ɓata ta, na daɗe ina kallonta. Ban tambayi kowa ba. Ina tsoron a yi mini dariya. Kuma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ina tsoron a ce ba tawa ba ce.

2. Yadda na cika tawa, da yadda aka cika sauran.

Tambayoyi goma sha biyu ne, kowace da gida biyar: kullum, sau da yawa, wani lokaci, da wuya, ko kaɗan. A samanta an rubuta cewa kada a sa suna, a faɗi gaskiya, ba wanda zai gani sai Kwamiti. Na karanta wannan layin sau da dama, ina bi da yatsa.

Kwana uku na yi a kanta. Lokacin hutun rana nakan zauna a matakalar baya, kusa da igiyoyin shanya, domin a nan nake cin abincina tun da na fara aiki. Da fensir na cika, don idan na yi kuskure in goge. Ban yi gaggawa ba, kuma ban cika ta da fushi ba. Kowace tambaya sai na zauna na tuno ranaku kafin in zaɓa.

An tambaya ko abokan aiki suna kirana da sunan da nake so. A ɗakinmu Bebiya ake ce mini, saboda ba ni da yawan magana. Nas Doguwa, wadda ita ce mai ba ɗakin dariya, ita ta raɗa mini shi a makon farko, ya bi ni har masu jinya sabbin zuwa suna yi mini magana da hannu. Na zaɓi ko kaɗan. An tambaya ko ana saurarona idan na faɗi abin da na lura da shi game da majinyaci. Na tuna ranar da na ce bayan tsohuwar gado na tara ya fara ja, aka ce yaushe na yi karatun likita, bayan kwana huɗu wurin ya zama gyambo. Na zaɓi da wuya. An tambaya ko ina da wurin hutawa kamar kowa. A ɗakin shayi akwai ƙusoshi a bango, kowace nas da ƙusarta da kofinta, an jera su daga na Sista zuwa na ƙarama. Ni nake wanke su in rataye kowane a mazauninsa, ban taɓa musanya ko ɗaya ba. Nawa kofin a bakin taga yake ta waje. Na zaɓi ko kaɗan.

Da na zo kan tambayar ko ana amsa gaisuwata, na so in zaɓi da wuya, sai na tuna da sabuwar nas da aka kawo mana a watan Agusta. Ita takan riga ni gaisuwa, har ta taɓa tambayata ya jikin gwaggo. Saboda ita kaɗai na goge na koma wani lokaci. Ina so Kwamiti ya sani ban tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Inda aka yi mini alheri na rubuta.

Ranar Laraba 4 ga Satumba, lokacin shayin ƙarfe goma, Sista ta tara nas-nas ta ce kowa ya fito da takardarsa da biro. Ina bakin famfo ina wanke cokula, don haka da kunnena na ji. Ta ce Ɗaki na Biyu tsintsiya ne maɗaurinsa ɗaya, kuma ba a shanya ƙazamin zani a bakin titi. Ta ce an yi alkawarin allon yabo ga ɗakin da ya zo na ɗaya, kuma ita ba ta saba zuwa ta biyu ba. Sai ta riƙa karanto tambaya ɗaya bayan ɗaya, Nas Doguwa tana amsawa da ƙarfi wai kullum, ana dariya ana cikawa. Kafin shayi ya huce an gama duka sha biyun. Sabuwar nas ce kaɗai ba ta wurin, tana can tana sa wa wata ƙarin ruwa, sai daga baya ta cika tata a tsaye a bakin tebur ta jefa.

Ba wanda ya ce mini in fito da tawa, sai na ɗauka ni an bar ni in cika yadda na ga dama. Washegari Alhamis aka ba ni kwalin in mayar ofis. A kan hanya, wajen kwanar ɗakin magani, na ninke tawa na zura. Akawu ya buɗe ya ƙirga goma sha biyar, ya ce madalla. Ranar na koma gida da ƙafa ina jin kaina wani iri, kamar na yi sabon ɗinki. Na ba gwaggo labari. Ta ce mini in dai ba wata tsiya a ciki, to Allah ya sa alheri.

3. Abin da ya faru da wadda ba ta ji ba ta gani ba.

Ranar Litinin 23 ga Satumba aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Ɗakin Yara ya sami casa'in da takwas cikin ɗari, Ɗaki na Biyu casa'in da shida. Kafin azahar Sista ta ji daga ofis cewa takarda ɗaya tak ce ta ja mu baya. Ban san wanda ya gaya mata ba, amma an gaya mata.

Ba wanda ya kawo ni a ransa, domin ba wanda ya san ina da takarda. Sai zargi ya faɗa kan sabuwar nas, tunda ita ce ba ta cika a gaban kowa ba. Ranka ya daɗe, kwana tara na ga an yi mata abin da na sani sarai. Ta yi sallama a yi kamar iska ce ta kaɗa labule. Ta tambayi inda makullin kabad ɗin magani yake a ce ta tambayi Kwamiti. Nas Doguwa ta sa mata suna 'Yar Rahoto. Ranar Juma'a na zo rataye kofuna na tarar an zare ƙusarta daga bango, ramin kawai ya rage. Na tsaya da kofinta a hannu ban san inda zan sa shi ba. Daga ƙarshe na ajiye shi a bakin taga kusa da nawa.

Ranar Litinin ta fito matakalar baya da abincinta, ta zauna a sama da ni da taki biyu. Ba ta ci ba. Ta ce mini wai ita ma kullum ta zaɓa daga sama har ƙasa kamar kowa, ba don haka ne a ranta ba, sai don ba ta son fitina, ga shi fitinar ta same ta har gida. Ta ce da ta sani da ta faɗi gaskiyar, ko ba komai ta san abin da take shan wuya a kansa. Shekara uku ina fatan wani ya zo ya zauna a matakalar nan, ranar da aka zo kuma ni ce sanadi.

Ina roƙon kada wannan maganar ta zama laifi a kanta. Na faɗe ta ne kawai don Kwamiti ya san yadda aka sami kullum ɗin.

4. Yadda aka karya alkawarin sirri.

Ranar Laraba 2 ga Oktoba, bayan an gama miƙa aikin safe, na bi Sista ofishinta na durƙusa na gaya mata ni ce. Sai da na maimaita sau uku, domin muryata ba ta fita. Da farko ba ta yarda ba, ta ce ashe ma na iya karatu. Da ta gane da gaske nake, ta tashi ta nufi ofishinka, ba a jima ba ta dawo da takardata a hannu. Ta ce akawu bai sha wahalar nemo ta ba, ita kaɗai ce aka cika da fensir.

Washegari Alhamis 3 ga Oktoba, lokacin shayi, aka kira ni ciki. Wannan ne karo na farko da aka kira ni ɗakin shayi ba don wanke-wanke ba. Aka tsayar da ni a bakin ƙofa, Sista ta miƙa wa Nas Doguwa takardar ta karanta wa jama'a amsoshina ɗaya bayan ɗaya, tana ƙanƙantar da murya wai irin tawa. Ta ce yau Bebiya ta yi magana, kowa ya kawo tukuici. Ta ce tunda kofina yana jin sanyi a waje, a sayo masa bargo. Wata ta ce laifin tsohuwar Sista ne da ta tsinto ni a gindin gado, ga shi ɗan tsako ya samu ya ƙi dangi. Sista ta ce su sun yi shekara da shekaru suna karatu kafin su sa farin kaya, ba za a haɗa awonsu da na mai wanke fo a mudu ɗaya ba.

A ƙasan takardar akwai fili da aka ce wanda yake da ƙarin bayani ya rubuta. Layi ɗaya na rubuta a wurin, cewa ina so idan na yi gaisuwa a amsa. Da aka karanta shi sai duk suka haɗa baki suka gaishe ni da ƙarfi, har da rusunawa, suna tambayata ya gajiya, ya mulki. Masu jinya suka leƙo suna dariya ba su san dalili ba. Sabuwar nas tana wurin. An mayar mata da ƙusarta a safiyar. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta ɗago kai ba, kuma tun daga ranar idan muka haɗu a baranda sai ta duba agogonta. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ta ɗanɗana kwana tara, ta san ɗacinsa.

Ƙorafina a nan ba dariyar ba ce, na saba da ita. Ƙorafina shi ne, da hatimin ofishinka aka rubuta cewa ba wanda zai gani. Ni ban san manyan dokoki ba, amma na yarda da wannan layin kamar yadda nake yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani.

5. Takardar tuhuma da mayar da ni Sashen Wanki.

Ranar Juma'a 4 ga Oktoba aka ba ni takardar tuhuma, cewa na yi sojan gona, na cika takardar hukuma a madadin ma'aikaciyar da ke hutun haihuwa, da nufin ɓata sunan ɗaki. An ba ni kwana biyu in ba da amsa. Na rubuta cewa kuskuren ƙirga ne, na nemi gafara. Har yau ban ji komai ba. Ranka ya daɗe, ban sa sunan kowa ba, ban kwaikwayi hannun kowa ba, ban ɗauki takarda a aljihun kowa ba. Da ina da niyyar ɓoyewa, da na yi shiru ranar 2 ga wata, kuma da har gobe ba a sani ba.

Ranar Litinin 7 ga Oktoba aka ce in koma Sashen Wanki har sai yadda hali ya yi, ba tare da wata takarda ba. Ba na raina wanki, sana'a ce. Mu biyu ne a wurin, ni da Baba mai kula da injina, wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne shekara ashirin. Mutumin kirki ne, yakan tura mini kujerarsa idan ya ga na gaji. Amma daga safe har la'asar ba mai cewa uffan. Yanzu zannuwan Ɗaki na Biyu kawai nake gani idan an turo su a keke. Ina gane su da lambar da ke gefe. Ina gane na gado na tara.

Ina neman izini in yi maganar gado na tara, ko da yake ba a kaina ba ne. Tsohuwa ce da shanyewar ɓarin jiki ta kama, 'ya'yanta suna nesa, sai ƙarshen wata ake leƙo ta. Ba ta karɓar abinci sai an fara jiƙa mata leɓe da ruwa, an ɗan jira, sannan a kawo cokali ta gefen hagu. Idan aka zo ta dama sai ta datse baki, a ɗauka ƙoshi ta yi. Jikata take ce mini. Na gaya wa wanda ke turo keken wanki ya isar da wannan bayani, ban sani ba ko ya isar, ko an saurara. Abin da na sani shi ne, a da zaninta yakan zo da ɗigon abinci a gefen hagu, mako biyu ke nan yana zuwa babu. Ina roƙon a sa wani ya duba.

Ranar 9 ga Oktoba na kai wa Sista takardar sabunta aikina. Ta ce in ajiye a tire. Ranar 16 na koma, tana nan a tiren, an ɗora kofi a kanta har ya bar zobe. Ta ce ba za ta sa hannu ga mai tuhuma a kanta ba, in je wajen waɗanda na kai wa ƙara su sa mini. Gwaggo ta ce in je in kwanta a ƙasa a gaban Sista in ce sharrin shaiɗan ne, in ce duk abin da na rubuta ƙarya ne, domin ƙwai ba ya ja da dutse. Na yi niyyar haka, har na kai bakin ƙofa. Zan iya neman gafarar ƙirga sau ɗari, kuma na nema. Amma ban iya cewa ƙarya na rubuta ba, domin ba ƙarya ba ce.

6. Sabon sakamako.

Ranar Litinin 14 ga Oktoba aka liƙa gyara a allon sanarwa, cewa an cire takarda ɗaya da ba ta cancanta ba, don haka Ɗakin Mata na Biyu ya sami ɗari bisa ɗari a mutunci da girmamawa, kuma shi ne na ɗaya a asibiti. Za a rataye allon yabon ranar Alhamis mai zuwa, 24 ga wata, kai da kanka za ka zo. Ranar Juma'ar da ta wuce aka aiko in zo na awa ɗaya in wanke bangon da za a kafa shi, domin wai ba wanda ya iya fitar da tabon bango kamar ni. Na je na wanke. Ya fita tas, za ka gani.

Ni ba mai ilimi ba ce, ba zan koya wa Kwamiti aikinsa ba. Abin da na sani na awo shi ne abin da nake gani a ɗaki. Idan aka sa wa mara lafiya ma'aunin zafi ya nuna zazzaɓi, ban taɓa ganin an jefar da ma'aunin an rubuta lafiya lau ba. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba na cewa nas-nas ɗinmu mugaye ne. Suna aiki kamar su faɗi, nas biyu ke kula da gado talatin. Na sha ganin likita ya daka wa Sista tsawa a gaban majinyata, ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta fito idonta ja. Na ga ɗan'uwan wata majinyaciya ya ɗaga hannu zai mari Nas Doguwa, washegari ta zo tana ba da labarin ana dariya, amma shayin da ta zuba wa kanta har ya huce ba ta sha ba. Su ma an tambaye su ko ana yi musu magana da ladabi, suka zaɓi kullum. Da kowace ta sami matakalarta da kwana uku, ban san abin da za ta zaɓa ba. Abin da ya sauko musu daga sama shi yake gangarowa, ni kuma a ƙasa nake, ba wanda zan miƙa wa.

Abin da nake roƙo.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Maigirma Sakatare cikin ƙanƙan da kai:

(a) A janye takardar tuhumar sojan gona daga fayil ɗina, ko a kira ni a ji ta bakina. Idan an kira ni, a yi haƙuri da ni, maganata takan ɗan jima kafin ta fito.

(b) A sabunta takardar aikina kafin ranar Alhamis 31 ga Oktoba, ko da ta hannun wani ne ba Sista ba. Wannan shi ne babban roƙona. Idan ranar ta wuce ba a sa hannu ba, ba ni da aiki, kuma ban san wani aikin ba sai wannan.

(c) A mayar da ni ɗakin majinyata. Idan Ɗaki na Biyu ba ya so na, kowane ɗaki ne zan je. Kafin nan a tuna da gado na tara, ruwa tukuna, sannan ta hagu.

(d) A bincika yadda takardar sirri ta fita daga ofis. Ba don a kori kowa ba, akawu ma mai iyali ne. Sai don baɗi idan an sake rabawa, wadda za ta cika ta san ko layin nan na sama gaskiya ne.

(e) Ba na roƙon a karɓe allon daga Ɗaki na Biyu. A bar musu. Amma idan za a sake awon, ina roƙon a buga takardun da yawa, a ba masu shuɗin kaya su ma, har da Baba na wanki. Idan kuma ba a ƙirga da mu, a faɗa wa akawu ya riƙa gaya mana tun a ofis, don kada wata ta sake yin lissafin da na yi.

(f) Na ƙarshe, ƙarami ne. Tunda an ce takardata ba ta cancanta ba, kuma ba ta cikin lissafi, ina roƙon a dawo mini da ita. Rabona da ita tun ranar 3 ga wata, na gan ta a kan teburin shayi. Tun da na bar makaranta ba a taɓa ba ni takarda an tambaye ni yadda nake ba sai ita, ko da yake yanzu na san ba ni aka tambaya ba. Kuma akwai tambaya ta sha biyu, wadda Nas Doguwa ta tsallake ba ta karanta wa jama'a ba. An tambaya ko ina jin aikin da nake yi yana da daraja. Idan takardar ta biyo ta hannunka kafin ta iso gare ni, ina roƙon ka duba wurin. Kullum na zaɓa, kuma ban goge ba.

Ina Sashen Wanki daga ƙarfe bakwai zuwa huɗu. Idan an aiko a kira ni, ɗan aiken ya shigo ciki ya taɓa kafaɗata, domin daga bakin ƙofa ba a jin kira.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da aikinka lafiya. Na gode da ka karanta har ƙarshe.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Mataimakiyar Ma'aikatan Jinya, ta wucin gadi,
Ɗakin Mata na Biyu.